Gashin tsakiyar kaina yana ƙarewa: shin dashe zai yi mini amfani?

Abu Khadija, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina da wata damuwa da na daɗe ina riƙe da ita a raina, yau kuma na ga ya dace in nemi shawarar waɗanda suka fi ni sani kafin in kashe kuɗin da ba zan iya mayarwa ba.

Shekaruna 33, ina koyarwa a makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, ina kuma taɓa noman shinkafa na rani a fadamar gidanmu. Kimanin shekara uku da suka wuce na je aski gab da ƙaramar Sallah, sai mai askin ya tsaya da inji a hannu ya ce, "Malam, ka lura da nan kuwa?" Ya karɓi wayata ya ɗauki hoton kaina ta baya ya miƙo mini. A daidai inda gashi yake juyawa na ga fata tana ƙyalli ta cikin gashin, faɗin wurin bai wuce bakin kofin shayi ba. Yau ya kusa tafin hannu, kuma gashin da ya rage a ciki ya yi laushi ya sirance kamar na jinjiri. Gaban goshina bai ja baya sosai ba, abin duk a tsakiya yake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi sanƙo tun daga goshi har kusa da ƙeya kafin ya cika hamsin, haka ma kawuna ƙanen mahaifiyata.

Na gwada man habbatus sauda, na gwada man zaitun, na yi wata bakwai ina shafa ruwan albasa da dare har maiɗakina ta gaji da warin, ban ga wani canji ba. Kwanan baya na tuntuɓi wani kamfani a Turkiyya ta WhatsApp, na tura musu hotuna huɗu, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba suka amsa cewa za su dasa mini tushen gashi 4,000 a zama ɗaya a kan dala 2,300, har da masauki da ɗauko ni daga filin jirgi. Idan na haɗa kuɗin shinkafar bana da abin da nake adanawa, zan iya kaiwa.

Abin da nake son sani shi ne, gashin da aka dasa a tsakiyar kai yana tsayawa har tsufa ko shi ma zubewa yake yi? Aikin yana karɓar irin gashinmu mai murɗewa kamar yadda yake karɓar na Turawa da Larabawa da nake gani a hotunansu? Sannan mene ne matsayinsa a addini? Allah ya saka da alheri.

Bazamfare, Gusau

Wa alaikumus salam, Malam Abu Khadija. Ni na yi wannan aikin shekara biyar da suka wuce a birnin Istanbul, ina da shekara 36, kuma wurin da aka dasa mini shi ne daidai wurin da kake kuka da shi. Harkar tufafi nake yi, dama ina zuwa Turkiyya sayo kaya, shi ya sa abin ya zo mini da sauƙi, wataƙila ma sauƙin ne ya hana ni tsayawa in yi bincike. Zan gaya maka yadda ta kasance, kai kuma ka auna.

Da safe suka aske kaina ƙwal, suka zana iyakar wurin da alƙalami, sannan aka yi mini allurar kashe zafi a ƙeya. Wannan allurar ita ce mafi zafi a cikin aikin duka, bayanta ban ƙara jin komai ba sai motsi da ƙarar inji. Na kwanta rub da ciki fiye da awa uku, ana huda fatar ƙeyata da wani ɗan ƙarfe mai baki kamar na biro, ana zaro tushen gashi ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a faranti cikin ruwa mai sanyi. Bayan an ci abinci aka tsattsaga ƙananan ramuka a tsakiyar kai, 'yan mata biyu suka zauna da hantsaki suna cusa tushen a ciki har bayan la'asar. Sun ce mini an dasa 3,200.

Wahalar tana bayan an fito. Dashen tsakiyar kai ba ya son a kwanta a kansa, don haka na yi kusan mako guda ina barci a jingine da matashin wuya. Goshina ya kumbura kwana uku har ya sauko kan idanu. Ɓawon ciwon bai gama faɗuwa ba sai wajen kwana goma, kuma sun hana ni sa hula mai kama kai har mako biyu. Kai ma ka san magidanci ba ya shiga kasuwar Gusau kai babu hula ba tare da an tambaye shi lafiya ba, don haka na zauna a gida, yara suka riƙe shago. A mako na uku gashin da aka dasa ya fara zubewa har wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Sun riga sun gaya mini haka za a yi, sili ne yake faɗuwa tushen yana ciki, amma duk da haka hankalina ya tashi. Sai a wata na huɗu ya fara tsirowa, bai kuma cika yadda zai cika ba sai da aka haura shekara.

Shekara biyu na farko na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sun ba ni ƙwayoyi da wani ruwan shafawa na wata shida, da suka ƙare ban sake saya ba, domin a ganina aiki ya gama. A shekara ta huɗu sai na lura gashin da aka dasa yana nan daram, amma nawa na asali da ke kewaye da shi ya ci gaba da tafiya. Yanzu abin da ke kaina ya zama kamar tsibiri: gashi a tsakiya, fili ya zagaye shi kamar zobe. Sanƙo na yau da kullum kowa ya saba da shi, ba mai kallonsa sau biyu, amma wannan duk wanda ya gani ya san an yi wani abu. Ƙeyata kuma ta yi shara-shara, idan aka yi mini aski ƙasa sosai ana ganin ɗigo-ɗigon fararen tabo.

Wani abu da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin: likitan da sunansa yake a kan takarda bai yi minti goma sha biyar tare da ni ba. Ya zo ya zana, ya fita. Matasa ne ma'aikata suka yi sauran, ni kuma ban tambayi ko sun taɓa aiki a kan baƙar fata ba. Da na nuna wa wani likita a Abuja daga baya, ya ce alama ta nuna an yanke tushe da yawa wajen cirewa, domin abin da ya tsiro bai kai adadin da aka faɗa mini ba.

Ba ina cewa aikin ƙarya ba ne. Wani abokin kasuwancina ya yi yana da shekara 49, bayan sanƙonsa ya daɗe da tsayawa wuri ɗaya, kuma har yau kansa yana da kyau. Amma mai ƙananan shekaru ya sa a ransa cewa zama ɗaya ba ya isa. Ko Wayne Rooney, tsohon ɗan ƙwallon Ingila da ya bayyana wa duniya cewa an yi masa dashe a 2011 yana da shekara 25, sai da ya koma aka ƙara masa a 2013, shi da yake da kuɗin zuwa wurin ƙwararru.

Likita daga Yauri

Ƙanena Abu Khadija, sannu da wannan damuwa, kuma kada ka ji nauyin kawo ta, domin matasa da yawa suna zuwa wurina da ita a ɓoye. Ni ba na yin dashe, amma ina duba masu matsalar fata da gashi, kuma abin da Alhaji na Gusau ya bayar da labarinsa shi ne ainihin abin da nake jin tsoro a kanka.

Bari in fara da abin da yake faruwa a kan naka. Sanƙon gado yana zuwa ne ta hanyar wani sinadari da ake kira DHT, wanda jiki yake sarrafawa daga sinadarin mazantaka. Ga wanda ya gaji abin, ta wajen uba ko ta wajen uwa, tushen gashin goshi da na tsakiyar kai ba sa jure wannan sinadari. Duk lokacin da sili ya faɗi, wanda zai maye gurbinsa yana fitowa ya fi shi siranta da gajarta, har a kai ranar da ba abin da zai fito. Gashin nan mai laushi kamar na jinjiri da ka ambata shi ne alamar cewa aikin yana kan gudana, bai tsaya ba. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa kuwa yawanci ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga dattijo mai sanƙo ƙwal amma ƙeyarsa a cike. A 1959 wani likitan fata a birnin Niyok na Amurka, Norman Orentreich, ya wallafa cewa idan aka ɗauke tushen ƙeya aka kai shi wurin sanƙo, yana riƙe halinsa na ƙeya. A kan wannan aka gina sana'ar gaba ɗaya. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce, wanda aka dasa yakan daɗe, amma bai hana na kusa da shi tafiya ba.

Tunda manomi ne kai, ka dubi mai albasa a Aliero. Yana zuba iri a fangali, idan ya tasa ya tuge ya kai gona ya dasa, in iri ya ƙare baɗi ya sake zubawa. Bambancin kawai shi ne ƙeya ba ta da baɗi. Duk tushen da aka cire daga can ya fita ke nan, wani ba zai tsiro a gurbinsa ba. Dashe ba ya ƙara maka ko sili ɗaya, canja wa gashi mazauni kawai yake yi. Kowane tushe yana ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu, kuma abin da masu aikin suke ƙiyasta za a iya ɗauka daga ƙeyar mutum a tsawon rayuwarsa ba tare da ta lalace ba bai cika wuce 6,000 zuwa 8,000 ba, ga mu baƙar fata ma sau da yawa bai kai haka ba, domin gashinmu bai kai na Turawa yawa a kowane taƙi na fata ba. Idan aka kwashe 4,000 yau aka zuba a tsakiya, me za a samu ranar da goshi ya ja baya kamar na mahaifinku?

Tsakiyar kai kuma wuri ne mai cin tushe fiye da yadda ido yake nunawa, saboda da'ira ce, kuma tana faɗaɗa ta kowane gefe. Ka yi lissafin da kanka tunda malami ne kai. Fili mai faɗin santimita 6 yana da murabba'in santimita kusan 28. Idan faɗin ya kai santimita 10, murabba'in ya zama kusan 78. In ana dasa tushe 35 a kowane murabba'i, na farko zai ci kusan 1,000, na biyu kuwa ya haura 2,700. Ga shi gashin wurin juyawa yake yi kamar guguwa, sili ba ya kwanciya a kan ɗan'uwansa ya rufe fata kamar yadda yake yi a gaba, kuma dole mai dasawa ya bi wannan juyin, in ba haka ba ya fito a hargitse. Saboda waɗannan dalilai likitoci masu tsoron Allah a sana'ar sukan ja ƙafa wajen taɓa tsakiyar kan matashi, sukan fi son ajiye tushen domin gaban kai, wanda shi ne mutane suke gani idan sun fuskance ka. Akwai ma'aunin Norwood na 1975 mai matakai bakwai da ake auna sanƙo da shi, kuma abin da ka faɗa game da mahaifinku ya yi kama da mataki na shida ko na bakwai. Da wannan ya kamata a yi maka lissafi, ba da abin da hoton yau ya nuna ba.

Abin farin ciki shi ne, tsakiyar kai ita ce wurin da magani ya fi yi wa aiki, musamman tun gashin bai mutu ba. Magunguna biyu ne aka tabbatar da su. Akwai minoksidil na shafawa, wanda asalinsa maganin hawan jini ne aka lura yana tsirar da gashi, aka amince da shi domin sanƙo a Amurka a 1988. Akwai kuma ƙwayar finasterid mai miligiram 1, da aka amince da ita a 1997, wadda take rage wancan sinadari na DHT. Ga mafi yawan maza tana tsayar da zubewar, wasu kuma gashin da ya sirance yakan sake kauri. Sai an yi wata shida zuwa shekara kafin a yanke musu hukunci, kuma ranar da aka bari, abin da aka samu yakan tafi cikin shekara guda. Ko an yi dashe ana buƙatar su, kamar yadda labarin Alhaji ya nuna. Kada ka je kemis ka saya da kanka, sai likita ya duba ka ya rubuta.

Game da irin gashinmu, yana da riba yana da haɗari. Ribarsa ita ce murɗewar tana sa ya rufe fata da adadi kaɗan, ga shi launinsa bai yi nisa da na fatar ba. Haɗarinsa kuwa, murɗewar ba a waje kaɗai take ba, tushen ma a lanƙwashe yake a cikin fata kamar ƙugiya. Ƙarfen da ake cirewa da shi, wanda faɗin bakinsa yake wajen milimita ɗaya, miƙe yake shiga, don haka wanda bai saba da mu ba yana iya datse tushen biyu. Wannan hanya ta cirewa ɗaya-ɗaya ita ake kira FUE. Akwai tsohuwar hanya, FUT, inda ake yanko siririyar fata daga ƙeya a ɗinke wurin, a rarraba tushen a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tana rage datsewa, amma tana barin dogon tabo, wanda mai son aski ƙasa ba zai so ba. Sannan ka duba jikinka da kyau: idan kana da tabo mai tudu da ya girma ya wuce ciwon da ya haife shi, a ƙirji ko kafaɗa ko inda aka taɓa yi maka ƙaho, ko kana da ƙurajen ƙeya masu tauri, to sai an yi taka-tsantsan matuƙa, wani ma a hana shi aikin gaba ɗaya.

Kafin komai, ka je likitan fata ya duba kan da idonsa da na'urarsa. Ba kowace zubewar gashi a tsakiya ce sanƙon gado ba. Akwai wani ciwo da yake farawa daga nan yana faɗaɗa, yana kashe tushe ya bar tabo, an fi ganinsa ga mata baƙar fata amma maza ma suna yi, kuma dashe a kansa alhali ciwon yana ci asara ce. Ka fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Birnin Kebbi, in sun ga da buƙata su tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wanda ya yanke maka tushe 4,000 daga hotuna huɗu cikin awa ɗaya, bai taɓa ƙeyarka ba, bai tambayi mahaifinka ba, ciniki ya yi da kai, ba duba ka ya yi ba.

Almajirin Malam, Gwandu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malam Abu Khadija, Allah ya yaye maka damuwa. Zan taɓa ɓangaren addini gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamanmu.

Abin da yake sa mutane shakka shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na tsine wa mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Malamai sun bambanta wannan da dashe, domin ƙari shi ne a haɗa gashin wani ko wani abu daban da na mutum don a nuna abin da babu, dashe kuwa gashin mutum ne na kansa ake ɗauka daga wani wuri a mayar inda ya ɓace, ya rayu ya tsiro. Sun kafa hujja da hadisin mutum uku na Banu Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mala'ika ya tambayi mai sanƙon abin da ya fi so, ya ce kyakkyawan gashi, aka shafe shi aka ba shi. Shaihu Ibn Usaimin ya halatta dashe a kan cewa kawar da aibi ne da mayar da halitta yadda take, ba canja ta ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a zamanta na 2007 a ƙasar Malesiya, ta sanya dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin ayyukan da suka halatta. Sharaɗin shi ne amfanin ya rinjayi cutarwa kuma ƙwararre ne zai yi, wannan kuwa ya mayar da mu ga maganar likita.

Akwai abin da ya kamata ka shirya masa in har ka kai ga yi. A mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai duka farilla ce a alwala. A kwanakin farko da aka hana ka taɓa wurin, hukuncinka na mai rauni ne: ka shafa a kan bandeji ko abin da aka rufe wurin da shi, in hakan ma zai cutar akwai sauƙin taimama, sai ka zauna da malamin unguwarku ya fayyace maka gwargwadon halinka. Idan likita ya hana sunkuyar da kai na 'yan kwanaki, ka yi sujada da nuni.

Abu ɗaya da zan ƙara a matsayin ɗan'uwa: ka ce kuɗin shinkafar bana ne da ajiyarka. Ka tabbatar abincin gida da haƙƙin iyali ba su shiga cikin lissafin ba, kuma ka yi shawara da maiɗakinka, ka yi istihara.

Mai aski, Argungu

Malam, ni ba mai ilimin likita ba ne, amma na gaji aska daga mahaifina, na kuma yi shekara 26 ina riƙe kawunan mutane. Ina goyon bayan Likita a kan ƙurajen ƙeya. A cikin masu zuwa shagona akwai da dama da suke da su ba su sani ba, domin ba sa ganin wurin, sai mun gaya musu. Suna farawa ƙanana kamar gero a gindin ƙeya, in ana yawan kankare wurin da reza ko kwalar riga tana gogarsa sai su haɗe su yi tauri, gashi ya daina fita. Ka sa mai askinka ya duba maka a cikin haske.

Masu cewa hula ce take kawo sanƙo kuma, ni ban ga haka ba. Ina da dattawa da suke cikin hula da rawani tun suna samari gashinsu yana nan cif, ina da samari da ba sa sa hula sai ranar Juma'a kuma tsakiyarsu ta tafi. In ka bi gidansu sai ka tarar da abin ga uba ko kawu. Kafin ka yanke shawara, ka ce a rage maka gashin gefe da na ƙeya ya yi daidai da na tsakiya, domin barin gefe ya yi tsawo shi yake ƙara fito da filin.

Abu Khadija, Birnin Kebbi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Alhaji, na gode da ka buɗe mini abin da ba kowa zai faɗa ba. Allah ya gafarta Malam, na fahimta, kuma na yi magana da maiɗakina a daren jiya. Na sa an duba ƙeyata, babu ƙuraje, amma ina da wani tabo a kafaɗa tun na allurar yarinta wanda ya ɗan yi tudu, zan nuna wa likitan fata. Na dakatar da maganar Turkiyya.

Likita, saura tambaya ɗaya da nake jin nauyinta amma dole in yi. Na ji ana cewa wannan ƙwaya ta finasterid tana taɓa ƙarfin namiji. 'Ya'yana biyu, muna kuma fatan ƙari, maiɗakina ma tana da juna biyu yanzu. Ina gaskiyar abin?

Likita daga Yauri

Tambaya ce mai kyau, ƙanena, kuma gara da ka yi ta. Gaskiya ne akwai waɗanda take rage wa sha'awa ko ƙarfi. A gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da ita abin ya shafi kamar mutum biyu cikin ɗari, kuma ga mafi yawansu yakan wuce idan an daina sha, ko da yake akwai waɗanda suka ba da rahoton cewa nasu ya daɗe bayan sun bari. Tana iya rage yawan ƙwayoyin haihuwa ga wasu maza, yawanci su dawo bayan an daina, don haka mai neman haihuwa ya faɗa wa likitansa tun farko. Hukumomin magunguna a Turai sun kuma yi gargaɗi cewa tana iya jawo ƙuncin rai mai tsanani ga wasu, wanda duk ya ji haka ya tsaya nan take ya koma asibiti. Game da maiɗakinka, mace mai ciki ba ta shan ta, ba ta kuma taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin tana iya cutar da halittar ɗa namiji a ciki. In an rubuta maka, ka ajiye ta inda ita da yara ba za su kai ba.

In zuciyarka ba ta kwanta da ƙwayar ba, ba dole, ana iya farawa da na shafawa kaɗai a ga abin da zai yi. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ka shafa a fatar kai ba a kan gashi ba, kai a bushe, ka wanke hannu, ka bar shi ya sha iska kafin ka sa hula ko ka kwanta. A makonnin farko zubewar tana iya ƙaruwa, kada ka tsorata ka bari.

Ranar da za ka fara, ka koma wurin mai askin nan da ya fara nuna maka wurin. Ya yi maka aski da lambar da ya saba, ya fitar da kai ƙofar shago da hantsi, ya ɗora rula a kan filin ya ɗauki hoto daga sama. Ku maimaita haka duk bayan wata uku, lamba ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Idan shekara ta zagayo ka tafi da hotunan biyar wurin likitan fata, da su za a gane ko filin ya tsaya ko yana tafiya, kuma a lokacin ne za a iya zama a ƙirga tushe nawa ƙeyarka za ta iya bayarwa.